Naman da ke Ƙarƙashin Zogale

Ina da shekara arba'in da huɗu likita ta ɗora ni a kan sikeli, ta dubi lambar, ta dube ni, ta sake duban lambar. Sai da ta gama awon jini ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, hawan jini ya riga ya shigo. Sukari kuma yana bakin ƙofa yana sallama. Ko ki rage jiki, ko ki tashi ki yi masa shimfiɗa."

Na fito ina jin haushinta, yarinyar da na tabbata na girme ta da shekara goma. A danginmu ƙiba ba ciwo ba ce, shaida ce ta cewa miji yana riƙon mace da kyau. Duk bikin da na shiga sai an ce, "Masha Allah, hutu ya karɓe ki." Shekara da shekaru ina karɓar wannan yabo hannu bibbiyu, yanzu an ce in mayar. Amma mahaifiyata sukari ne ya yi ajalinta, ni na yi jinyar ƙafarta, na san abin da na gani. Kafin in isa gida haushin ya koma tsoro.

Babbar 'yata ce ta saka mini wata manhaja a waya, wadda ake rubuta mata duk abin da aka ci, ita kuma ta lissafa kalori. In kin yi daidai ta nuna kore, in kin zarce ta yi ja. Manhajar ba ta san mu ba. Na rubuta ɗanwake ta ce ba ta gane ba, na rubuta dambu ta kawo mini hoton wani abinci da ko a mafarki ban taɓa gani ba. Haka muka yi ta lallaɓawa, ina kwatanta mata tana kintace. Ni kuma halina ne, in na sa abu a gaba sai na ga bayansa. A sati biyu na zama mutumiyar da ba ta kai loma baki sai ta nemi izinin waya.

Karin kumallo da abincin dare suna hannuna, tunda a gida ake dafawa. Na rana ne matsala. Ina fita daga Unguwar Sarki tun bakwai da rabi, ba na dawowa sai bayan La'asar, kuma ban taɓa zama mai ɗaukar kula zuwa ofis ba. Saye nake yi. Da farko na gwada irin gidajen abincin nan masu gilashi da na'urar sanyi, na sayi salak a roba mai murfi, ina jin kaina wata Baturiya. Da na rubuta wa manhaja farin kirim ɗin da suka malala a kai, sai ta yi jawur. Ga tsada, ga yunwa tun kafin Azahar ta wuce. Kwana huɗu na yi na haƙura na koma wurin Inna.

Inna mai abinci ce a ƙofar ma'aikatarmu, ƙarƙashin wata darbejiya. Bakatsiniya ce, tana zaune a Rafin Guza, kullum da hantsi mai keke napep yake sauke ta da manyan kuloli uku da teburi mai naɗewa. Shekara tara ina cin abincinta. Ba ta girme ni da fiye da shekara goma sha biyu ba, amma tun farko ɗiyata take ce mini, ni kuma na ce Inna, abin ya bi mu. Ba ta tambayata me za a zuba. Da ta hango ni take jawo robar tekawe, ta tafiya da abinci: shinkafa da miya, soyayyen nama biyu, agada, sannan gyara, wato ta kwaso man da ya taso a saman miya ta zagaya shi a kai. Ba kowa take yi wa wannan gyaran ba, kuma na san da haka, ina ma alfahari da shi.

A can ƙarshen teburinta akwai wata ƙaramar roba ta kwaɗon zogale. Masu gadi ne ke saye, da leburorin da ke aikin gini a tsallake, saboda shi ne mafi araha a teburin. A shekara tara ko kallonsa ban taɓa yi ba. Da na rubuta wa manhaja dafaffen ganye da tumatir da albasa, sai ta yi kore shar kamar gonar damina. Na ce to, ashe magani a gonar yaro yake.

"Inna, yau zogale za ki ba ni," na ce. "Kada ki sa mai, ƙulin ma kaɗan."

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Da mi za a haɗa maki?"

"Shi kaɗai."

"Nama hwa?"

"A bar shi. Likita ce ta hana."

Ta kalle ni kaɗan, ta kawar da kai wajen titi. "Haka ne, ɗiyata," ta ce a hankali. "Likita."

Da ina da hankali a ranar da na gane. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san wannan magana. In wata ya yi nisa, aljihu ya bushe, babu mai cewa ba shi da kuɗin nama. Cewa yake likita ya hana, ko ya ce yana azumin Litinin. Mai abinci kuma ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta zuba masa abin da ya iya, kowa ya tafi da mutuncinsa. Gaskiya na faɗa wa Inna, amma gaskiyar da ta yi kama da ƙaryar da kowa ke yi.

Sai kuma na yi ta ƙara mata hujja ban sani ba. Likita ta ce in riƙa tafiya a ƙasa, don haka na fara barin mota a gidan wata ƙawata, in taka sauran hanyar. Inna, wadda ta saba ganina a bayan sitiyari, ta fara ganina ina tahowa a ƙafa da gumi a goshi. Bayan wata guda zobena na gwal ya fara zamewa, na cire na adana shi don kada ya faɗi a wurin alwala. Rigunana suka fara yi mini yawa a kafaɗa. Mace ta bar nama, ta bar mota, gwal ya bar hannunta, ga rama. Ko ni aka ba wa wannan labari, abin da zan yanke ke nan: karayar arziki ta sami gidan.

Wata Talata ina cin zogalena a ofis cokalina ya daki wani abu mai tauri. Na tona, sai ga tsokar nama guda, soyayya, a can ƙasan roba. Na ɗauka kuskure ne, na cinye abina, na rubuta wa manhaja ta ɗan ɓata rai. Washegari ga naman kuma. Rana ta uku na lura da yadda aka ajiye shi: a tsakiya, an danna shi ƙasa, an lulluɓe da ganye ta kowane gefe, yadda ko a jikin robar ba za a hango ba. Ban taɓa kama hannunta tana sakawa ba. Takan ce in miƙo mata leda, ko ta tambaye ni wancan mai wucewa ba shugabanmu ba ne, kafin in juyo ta rufe murfi.

Na gwada yi mata maganar. "Inna, jiya da na buɗe abincin nan na ga..."

"Ya jikin autarki?" ta katse ni. "Kin ce tana tari."

Na gane. Alheri ne da aka yi shi a ɓoye don kada in ji kunya. In na yi godiya na tona abin da take rufewa. In na ce ta daina, na mayar mata da hannunta, kuma sai na bayyana dalili. Dalilin kuwa shi ne ya tsaya mini a wuya. In dubi matar da tsintsiyar hannunta ba ta kai rabin tawa ba, wadda na sha gani da yamma tana ciro ƙanzon tukunyar da ta kankaro a gida ta jiƙa shi da ruwa ta ci, in ce mata, Inna, ni damuwata ita ce na ci na ƙoshi har ya yi mini yawa? Na ce zan faɗa mata gobe. Goben nan ta yi wata biyu.

Na sani tsoka guda a rana ba za ta kashe ni ba, likitar ma ba ta hana ni nama gaba ɗaya ba, soyayye ta ce in rage. Amma a lokacin na riga na zama baiwar koren nan. Kwana goma sha tara na jera ba ja ko ɗaya, kuma ban ga abin da zai sa in ɓata jerin ba. Abokiyar zamana a ofis ta ɗauke mini nauyin na ɗan lokaci, tana cinye naman tana yi mini dariya, har ta tafi hutun haihuwa. Masu gadi ba zai yiwu ba, a gaban Inna suke wuni, kuma bakinsu ba ya riƙe magana. Sau ɗaya na ƙunshe naman a takarda don in kai wa yara, man ya tsatso ya ɓata fayil ɗin gwamnati a jakata, na wuni ina gogewa ina tsaki. Daga ranar ban sake ba. Wannan shi ne iyakar wahalar da na iya sha a kan alherinta, tabon mai a takarda.

A bayan ofis, kusa da famfon da muke alwala, akwai wata kyanwa mai ruwan toka da ke kwana ƙarƙashin tankin ruwa. Na gaya wa kaina ba almubazzaranci ba ne, ai ciyar da dabba ma sadaka ce. Kullum bayan na sayi abinci sai in zagaya ta baya, in tono naman in jefa mata, sannan in hau sama in ci ganyena da zuciya ɗaya. Ko in ce da rabin zuciya. Ba a yi sati ba kyanwar ta haddace takuna.

Akwai wata rana da ta fi tsaya mini, ta ma fi ranar da asirina ya tonu. Na fito a makare, mutane sun watse, Inna ta nuna mini benci ta ce in zauna in huta. Ta yi ta goge teburin da ba shi da datti, can ta fara magana ba tare da ta dube ni ba.

"Shekarar da motar maigidana ta ƙone, muna Katsina lokacin. Shi direba ne, motar kuma ba tashi ba ce. Wata huɗu, ɗiyata, ba abin da muke ci sai zogalen dangan gidanmu. Da sahe zogale, da dare zogale. Nakan ɗora tukunya da ruwa zalla in hura wuta, don maƙwabta su ga hayaƙi. Ko uwata ba ta sani ba har ta bar duniya. Ke ce ta farko da na taɓa gaya mawa."

Ta matse tsumman ta shanya a jikin kula. "Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Ban tambaye ki komi ba, kuma ba ni tambaya. Amma abin yana wucewa. Wallahi yana wucewa."

A nan ya kamata in buɗe baki. Matar nan ta ciro sirrin da ta ɓoye wa uwar da ta haife ta, ta ajiye a gabana, don ta ɗauka rami ɗaya muke ciki. Ni kuma motata tana can a inuwa, tankinta cike. Na buɗe bakin, abin da ya fito shi ne, "Allah sarki, Inna. Allah ya saka da alheri." Har hawaye na yi, kuma ta ɗauka na halin da nake ciki ne, ta dafa kafaɗata.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba kunya kaɗai ta rufe mini baki ba, daɗi na ji. Tun rasuwar mahaifiyata babu wanda ya dube ni ya ga ina bukatar a tausaya mini. A gida ni ce mai bayarwa, a dangi ni ce ake kira in an shiga matsala. Ga wata ta ɗauke ni abin tausayi tana ɓoye mini nama kamar yarinya, sai na kwanta a cikin tausayin. Na tashi daga bencin, na zagaya baya, na ba kyanwa naman ranar.

Sikeli kuwa yana ta sauka. Likita ta yaba mini, ta rage mini ƙwaya ɗaya. Na dawo gida ina taƙama, har na aika wa 'yata hoton lambar.

Ranar Laraba ce a tsakiyar damina, hadari ya haɗo, kowa yana sauri. Na karɓi robata na wuce, na bar wayata a kan teburin Inna, inda na ajiye ta bayan na gama rubuta abincin rana tun kafin in ci. A shekara tara Inna ba ta taɓa shiga ƙofar ma'aikatarmu ba, takan ce wurin masu takalmi ne. Ranar ta bar kulolinta ta shigo da wayar a hannu, mai gadi ya ce mata ya ga na yi bayan ofis.

Ina tsugune, roba a buɗe, na tono naman da cokali, kyanwa tana goga jikinta a ƙafata tana kuka. Na jefa mata ke nan na ji an yi sallama a bayana.

Na juyo. Inna ba ni take kallo ba, kyanwar take kallo. Dabbar ta yi sumul, gashinta yana sheƙi, ko gudu ba ta yi ba da ta ga baƙuwa. Duk mai ido ya san ba yau aka fara ba.

"Kin bar wayarki," ta ce. Ta miƙo mini da hannu biyu. Sannan ta sake duban kyanwar. "Ta yi ƙiba, masha Allah."

"Inna, ki tsaya in yi miki bayani."

"Ruwa zai sauko, na bar kaya a waje."

Ta juya ta tafi, ba da sauri ba. Ranar ban ci zogalen ba. Manhaja ta nuna kore fiye da kullum.

Washegari na zo da mota har ƙofar ma'aikata, na iso tun tana sauke kuloli, kafin kowa ya zo. Na ɗauko katin asibiti da kwalin magani na ajiye mata a teburi kamar mai kare kanta a gaban alƙali. Na faɗa mata komai, sikeli, da sukari, da zoben da ke cikin akwati, da motar da ba a taɓa sayarwa ba. Ta saurare ni har na gama. Katin ko taɓa shi ba ta yi ba, ba ta karanta boko.

"Na yarda," ta ce. "Allah ya ƙara lahiya. Na ji daɗi da ba abin da na zata ba ne."

"Ai na gaya miki tun farko likita ce ta hana."

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Har a lokacin ina neman inda zan raɓe.

"Kin hwaɗi," ta ce. "Sau guda, yadda kowa ke hwaɗi." Ta buɗe kula, tururi ya taso tsakaninmu. "Naman ba komi ba ne, rabon kyanwa ne, Allah ya rubuta mata. Amma ranar da na zaunar da ke a bencin nan, da kin tsai da ni. Kalma guda ta isa. Da na bar abina a cikina."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, har ga Allah, kuma na yarda ta yafe ɗin. Na rantse mata babu wanda zai ji labarinta da sunanta a bakina. Ta ce ta sani. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɗaure fuska ba. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Da rana na fito sayen abinci. Akwai mutum uku a gabana. Da layi ya zo kaina ta gaishe ni, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ta jawo roba ta zuba zogale, ba mai, ƙuli kaɗan, daidai yadda nake so. Ba ta ce in miƙo leda ba, ba ta nuna mini kowa a titi ba. Kafin ta rufe, sai ta ɗauki cokali ta juya ganyen a gabana, ta kai har ƙasan roba, ta karkato mini ita.

"Duba da kyau," ta ce. "Ba komi a ciki. Ci abinki da kwanciyar rai."

Na karɓa na hau sama. Na zauna a teburina na buɗe, kuma duk da na gani da idona, sai da na sa cokali na tona har ƙasa.